Da Tukunyar Gas Zuwa Kurawa

Wani abokina da muka yi karatu tare a Zariya ya aurar da 'yarsa a Kurawa, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, a hunturun ƙarshen 2024. Tun ranar da ya bugo waya ya sanar da ni mutanen gidana suka shiga jero dalilan da za su hana ni tafiya, kuma ba su rasa hujja ba. A watan Agustan shekarar ne 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun sace shi a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, wato hanyar da ni ma zan bi. Amma abokin nan nawa bai taɓa barin suna ko jana'iza ta wuce shi a gidanmu ba, zumunta kuwa a ƙafa take. Da uwargida ta ga ba fashi, sai ta ce to ita za ta zaɓi gudummawa. Ta sayo tukunyar gas 'yar kilo shida, irin mai kan girki a samanta, domin a Kano yanzu da wuya a yi jeren amarya babu ita.

A tasha direba bai tambayi kuɗin kaya ba sai da ya ɗaga tukunyar ya jijjiga ta kusa da kunnensa. Da ya ji shiru ya ce, "Alhaji, da da gas a ciki, wallahi sai dai ka nemi wata motar." Muka bi ta Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, Tsafe, muka tsaya Gusau aka yi salla aka ci shinkafa da wake a tsaitsaye. Kowa sauri yake, don babu direban da ke son magariba ta same shi tsakanin Talatar Mafara da Sakkwato. Na kwana gidan wani ɗan'uwa a cikin birni, aka tarbe ni da fura mai kauri wadda ta sa tuwon dare ya zama tilas kawai.

Da safe na kai tukunyar wurin ɗura gas. Yaron da ke aikin ya ɗora ta a kan sikeli, ya duba nauyinta da aka buga a jikin ƙarfen, ya haɗa tiyo, ya zuba ido a kan lambobi. Kilo ya haura naira dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa, ya ɗan ɗara na Kano. Wata mata da ke bayana a layi ta matsa masa ya ƙara mata ko da rabin kilo ne a kan abin da tukunyarta ke ci, tunda ga kuɗi a hannu. Ya ƙi, kuma gaskiyarsa. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, cakuɗen iskoki biyu, furofen da butan, da aka matse har suka zama ruwa. Idan aka buɗe kai sai ya koma iska, kofi ɗaya na ruwan ya bazu ya cika wurin kofi kusan 250. Zafi yana kumbura shi, shi ya sa ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar fayau. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, tukunyar da aka cika maƙil aka ajiye a rana ba abin zama kusa da ita ba ce. Shi kansa warin da muke cewa warin gas ba nasa ba ne, don asalinsa ba ya wari. Kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi da gangan, saboda hanci ya kama yoyo kafin ashana ta kama shi.

Motar Sabon Birni tsohuwar Golf ce, mutum biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya. Wannan direban bai yi gardama ba, ya tsayar da tukunyar a but, ya tokare ta da buhu biyu don kada ta kwanta, ya caje ni kuɗin rabin kujera. Muka fita ta Achida, muka bar kwanar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, muka wuce Marnona inda hanyar Isa ta dajin Gundumi ke rabuwa. Da muka kusa Goronyo sai ƙasa ta canza kama. Tudu ya bushe ƙayau, kura ta rufe sama, amma fadamar Rima kore shar: albasa, tafarnuwa, shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta tatata. Madatsar Goronyo da aka gama a 1984 tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ita ce uwar wannan noma, ita ce kuma ke shayar da birnin Sakkwato.

Buhunan da suka tokare tukunyata na dattijon da ke gefena ne. Takin yuriya ne, ya sayo a Sakkwato kusan naira dubu arba'in kowane buhu, yana ta ƙorafin cewa a 'yan shekarun baya kuɗin nan sun isa buhu uku. Da ya ji abin da na ɗauko sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mu gas bai iso muna ba tukuna."

Na ce masa ai ga shi nan ya sayo buhu biyu. Ya ɗauka ba'a nake, amma maganar haka take. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, abincin da shuka ta fi nema, sai dai gero da albasa ba su iya ɗebo ta daga iska. Bajamushe Fritz Haber ne ya gano a 1909 yadda za a ɗaure ta da haidurojin ta zama amoniya, Carl Bosch ya mayar da abin masana'anta a 1913. Haidurojin ɗin kuwa daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa ake cire shi. A haɗa amoniya da iskar kabon, sai ga farin tsabar nan ta yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ce. Masana'antar Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal da ta Dangote da aka buɗe a Lekki a Maris 2022, wadda aka gina don ta fitar da tan miliyan uku a shekara, duk gas suke ci su haifi taki. Dattijon ya saurara, sannan ya ba ni nasa karatun. Ya ce wanda ya watsa yuriya a busasshiyar ƙasa da rana tsaka ya tafi, ya yi wa iska sadaka. Sai an binne ta ko a bi ta da ruwa nan take. Bai san sunan amoniya ba, amma ya san warin da ke tashi daga gonar malalaci yana yaji a hanci, kuma ya san kuɗi ne ke tashi.

Daga Goronyo zuwa gaba hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo, ya riƙa kallon motocin da ke tahowa, don in an daɗe ba a ga mai tahowa ba, to akwai magana a gaba. Muka wuce shingayen sojoji, muka wuce ƙauyukan da rabin gidajensu ba rufi. Nan kasuwar Goronyo aka kai hari a Oktoban 2021 aka kashe mutane da dama, kuma duk wanda ke cikin motar ya san wani da abin ya taɓa. Ba wanda ya ɗaga zancen. Da hasumiyar masallacin Sabon Birni ta bayyana sai wata tsohuwa a baya ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, muka amsa gaba ɗaya.

Abokina ya ce in same shi a Sabon Birni saboda ranar kasuwa ce, yana ƙarasa sayayyar biki. Gari ne na Gobirawa na asali, ka gane haka daga tsagar fuskokin dattawa. Kufan Alƙalawa, birnin su Bawa Jangwarzo da ya faɗi hannun mutanen Shehu a 1808 aka kashe Yunfa, yana cikin wannan yanki, 'yan'uwansu kuma suna Tsibiri ta wajen Maraɗi. Iyaka a nan layi ce a takarda. Aure, kasuwa da gudun hijira duk tsallaka ta suke. Tun 2019 dubban mutanen yankin nan sun fake a ƙasar Gidan Runji cikin jihar Maraɗi.

Kafin abokina ya gama ciniki na zauna a benci gaban wani mai walda da ke gyara sharɓen babur. Ba shi da lantarki, ba ya kuma jiransa. Kayan aikinsa doguwar tukunyar oksijin da wata gajeruwar tukunya da maƙera suka ƙera, tiyo biyu suka fito suka haɗu a bakin wuta ɗaya. Ya kwance gajeruwar, ya zubar da wani farin taɓo a gefen kwata, ya fasa dutsen kabayid ruwan toka da guduma, ya zuba 'yan gutsattsari, ya ƙara ruwa, ya ɗaure. Nan take ta fara ɓararraka a ciki, wani wari mai kama da na tafarnuwa ya tashi. Kabayid in ya sha ruwa yana sakin iskar asitilin, abin da ya rage kuma farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, wannan taɓon da ya zubar. Ya kunna, harshen ya fito ja yana baƙin hayaƙi, ya murɗa oksijin a hankali har ya tsuke ya koma shuɗi mai ɗan farin ƙwaya a tsakiya. Zafin wannan ƙwayar ya wuce digiri 3,000. Da ido kawai yake auna cakuɗin, kuma bai kuskure ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yaronsa da ke zaune dab da tukunyar, da tiyon da aka ɗaɗɗaure da robar tayar keke. Ya ce oksijin daga Sakkwato ake kawo masa, in hanya ta ɓaci sai ya rufe shago ya tafi fadama.

Wannan dutsen kabayid ne wasu masu ayaba da mangwaro ke ƙunshewa a takarda su cusa cikin kaya su rufe da buhu, kwana ɗaya ko biyu ɗanye ya yi jawur. 'Ya'yan itace suna da tasu iskar nuna, etilin, asitilin kuma tana kwaikwayonta. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan haka saboda dattin guba da ke cikin kabayid na walda. Mu a Kano mun saba da ayaba mai kyan fata, ciki kuwa salam. Wadda na saya a Sabon Birni ma haka take.

Na tambayi inda ake ɗura gas a garin, aka nuna mini wani ɗan shago, manyan tukwane biyu da sikelin rataye. Mai shagon ya ɗora ɗaruruwa a kan farashin Sakkwato, ya ce kuɗin mota ne da kuɗin kasada. Masu sayensa ma'aikata ne, malaman makaranta, masu shayi, kuma yawanci kilo ɗaya ko biyu suke saye. Wani Bamaraɗe mai sayar da dabino da ke zaune nan ya sa baki, ya ce a wurinsu farashin hukuma na 'yar kilo shida jika biyu ne ba dala arba'in, wato sefa 1,800, ko da yake in ta yi wuya 'yan kasuwa suna ɗorawa. Na buga lissafi da canjin lokacin, ya fito ƙasa da abin da na biya da safe nesa ba kusa ba. Dalili a fili yake. Tun 2011 Nijar ke da matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem, gas ɗin girki na fitowa daga nan, gwamnati kuma ta ƙayyade farashinsa da niyyar a rage sare itatuwa. Mu kuwa da muke da ajiyar gas sama da kubik ƙafa tiriliyan 200, mafi yawa a Afirka, namu sai ya hau tanka daga bakin teku ya ratso ƙasar gaba ɗaya, kowane kilomita da kuɗinsa. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka fara a 2020 a Kano zai tsaya, kuma ba ma gas ɗin tukunya zai ɗauko ba. Rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, ya ƙara nuna wa mutanen nan cewa Maraɗi ta fi musu Legas kusa ta kowace fuska.

Da la'asar muka isa Kurawa a kan babura, tukunyar a ɗaure bayan wani ƙanen abokina. Aka sauke ni a ɗakin zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ruwa ya zo, fura ta biyo, kafin in gama gaisawa da dattawa an kawo tuwon gero da miyar sure da zabuwa sukutum. A Kano baƙon biki yana samun abinci a leda da lemon roba, a sallame shi. Nan kuwa kowane gida a layin sai da ya aiko da kwano, kuma an lura da wanda na taɓa da wanda ban taɓa ba. Mutanen da 'yan bindiga ke karɓar harajin dole a hannunsu kafin su girbe gonarsu su ne ke yanka wa baƙo zabuwa, su kuma ba shi haƙuri wai ba a shirya ba.

Bayan magariba abokina ya shigar da ni cikin gida in gaida mahaifiyarsa. Tsakar gidan hayaƙi ne turnuƙu. Manyan tukwane a kan duwatsun murhu, mata na tura karan dawa da busasshen kashin shanu, itacen kirki ɗan kaɗan ne ake tattalinsa don nama. Kara yana ci da sauri ya mutu da sauri, sai mace ta tsuguna a bakinsa tana turawa, idanu jawur, goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Na durƙusa na gaida tsohuwa, ta sa albarka, aka kawo tukunyar gabanta.

"Ɗana, mi a ciki wagga?"

"Gas ne, Inna. Na girki. Ba hayaƙi."

"Mun ji labarinta. Ita ta ka tashi da gida." Ta juya wajen goggon amarya. "A kai ta ɗakin ajiya, kar ɗiyan ga su taɓa."

Goggon ce ta tsaya mini. Ta zauna a Sakkwato, ta yi girki da gas, ta ce tsoron na rashin sani ne. Ta sa aka kawo ruwan sabulu ta shafa a wuyan tukunyar, ta nuna wa amarya cewa in ya yi kumfa to akwai yoyo. Ta ce ashana ake fara kunnawa kafin a murɗa, in an gama a rufe tam, kuma kada a kwana da ita a ɗaki. Na ƙara da abu ɗaya da na ga ya kamata su sani: gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya zubo ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi kamar ruwa mai neman kwari, ya taru daidai inda ake shimfiɗa tabarmar yara. In an ji wari a buɗe ƙofa, a fita da tukunyar, kada a kunna ko da tocila. Goggo ta kunna, shuɗin harshe ya zagaye kan, aka ɗora butar shayi. Yara suka yi da'ira suna kallo, butar ta tafasa gindinta bai yi baƙi ba. Amarya ta ce daga cikin mayafi, "Na gode, Baba."

Tsohuwa ba ta ce komai ba sai da aka kashe. "To, in ta ƙare hwa?"

Ba wanda ya yi saurin amsawa. Sai ita ta ci gaba, ta ce da can icce ba abin saye ba ne, yarinya ta fita da hantsi ta dawo da kaya kafin azahar. "Yanzu daji ba namu na ba. Waɗanda sunka tahi icce, wasu ba mu sake ganinsu ba." Shi ya sa ƙullin da bai cika hannu biyu ba ya zama na kuɗi, shi ya sa ake kwashe kara ƙaf daga gona maimakon a bar shi ya rufe ƙasa, ake ƙone kashin shanun da ya kamata ya zama taki, sannan a je a sayi yuriya da tsada don a mayar wa gonar abin da aka ƙone. A birni ana tallata gas da cewa ya fi tsafta, ya fi sauri, yana ceton bishiya. A Kurawa maganar ta fi haka nauyi: duk girkin da aka yi da gas, fita daji ɗaya ce aka fasa. Ga kuma hayaƙin kansa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a duniya, mafi yawa mata da ƙananan yara. Amma itace ana sayen na naira ɗari biyu a dafa na yau, gas kuwa sai an tara dubbai a lokaci ɗaya, an biya babur zuwa Sabon Birni, an yi sa'a mai shago na da kaya. A ganina duk shirin gwamnati da ya tsaya ga rabon tukwane kyauta a gaban kyamara bai amsa tambayar tsohuwar nan ba.

Dare ya yi sanyi ƙwarai. Aka kawo mini kaskon gawayi, amma baffan abokina ya hana a shigar da shi sai da ya yi ja gaba ɗaya a waje, kuma da zan kwanta ya zo da kansa ya fitar da shi. "Gawayi ba a kwana da shi, Malam. Yana sa barcin da ba a tashi." Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki, iska ba ta ishe shi ba, yana fitar da kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba wanda ya zuba mata ɗoyi don gargaɗi. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200, sai mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya gyara kwanciya. Ita ce dai ke kashe iyalai a birane in an kwana da janareta a baranda. Mu masu boko a Kano mun fi mutanen ƙauye faɗawa wannan tarko, don su sun gaji dokar kasko daga kakanni, janareta kuwa bai zo da tasa ba.

Washegari kafin ɗaurin aure baffan ya zagaya da ni ya nuna mini amfanin bana. Mutane da yawa sun daina barin hatsi a rumbunan bayan gari saboda ana fasawa ko a cinna musu wuta, don haka buhuna sun dawo cikin gida, wasu har ɗakin kwana. Nan na ga abin da ya fi tukunyata haɗari, kuma ba wanda ke tsoronsa. A kan tagar wani gida akwai ɗan gwangwanin ƙwayoyin da manoma ke kira bom, waɗanda ake ƙunshewa a tsumma a cusa cikin buhun wake. Ƙwayar tana shan laimar iska ta saki iskar fosfin, ita ke ratsa buhu ta kashe ƙwari har ƙwansu. Ba ta tsayawa a buhu. Tana fita ta cika ɗaki, kuma babu maganin da ke karya gubarta in ta shiga jikin mutum. An yi ta ne don rufaffen sito da ba kowa a ciki, amma ana sayar da ita ɗaiɗai a tebur ɗaya da ashana da magi, bayanin da ke jikin gwangwanin kuma da Turanci. Wasu kuma ruwan maganin ƙwari suke yayyafa wa waken kai tsaye, irin abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Baffan shi ya bar bom. Ya buɗe mini wani buhu mai leda biyu masu kauri a ciki, kowace an murɗe bakinta an ɗaure daban. Buhun PICS ke nan, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi ta yi aiki sosai wajen gwada shi, a Kano kuma ake ƙera shi. Ba magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke cikin waken su ne ke shanye 'yar oksijin da ta rage, su cika ledar da iskar da suke fitarwa, su daina ci, su bushe su mutu. Ya damƙo wake ya zuba a tafina, fari tas ba huda. Ya ce aibinsa biyu, tsada da ɓera. Huda ɗaya ta ɓata aikin. Shi ya sa ya ɗora buhunan a kan katako nesa da bango, ya kuma ajiye kyanwa.

Aka ɗaura aure, aka raba goro da dabino, maroƙa suka yi ta kirarin Gobir gidan faɗa, aka watse da wuri don baƙi su kama hanya da rana.

Ni sai na bi wani ɗan'uwan ango zuwa Isa, garin da ke kusa da iyakar Zamfara ta wajen Shinkafi. Ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti na ƙauye, hirarmu a hanya duk ta tarin yara ce. Ya ce da hunturu ake kawo su, ƙirji na faɗawa, leɓe ya yi duhu, kuma abin da suke bukata kafin allura ta yi aiki oksijin ne. Kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ce, tana ko'ina kyauta, amma yaron da huhunsa ya cika sai an tace masa ita. Akwai 'yar na'ura mai girman akwati da ke zuƙar iskar ɗaki ta riƙe naitirojin ta saki oksijin, sai dai tana son wutar da ba ta yankewa, shi ya sa duk inda aka samu sola ake murna. In babu, sai tukunya daga Sakkwato, ta hanyar da mai walda ke jiran tasa. Na tambaye shi ko iyaye na danganta tarin da hayaƙin murhu. Ya ce sanyi suke ɗora wa laifi, su ƙara rufe ɗaki, su ƙara wuta.

A Isa na ci gasasshen kifi a bakin tasha da kuɗin da ba zai sayi rabinsa a Kano ba, na kwana gidan mutumin, da safe muka fito neman mota. Direbobi na ta shawara tsakanin hanyar Gundumi, da ta Shinkafi zuwa Ƙauran Namoda, da komawa ta Sabon Birni. Kowa na buga waya yana tambayar wanda ya riga shi fita. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani a da, tunda litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 a lokacin ta haura dubu, a nan kuma a galan ake sayenta wurin 'yan bumburutu. Wani fasinja ya ce ya ji a rediyo gwamnati na mayar da motocin haya masu amfani da gas, wai ya fi fetur araha nesa. Wannan wani gas ne daban da na girki, misen ne da ake matsewa da ƙarfi cikin tukunya mai kauri, kuma sai an kafa masa gidan ɗurawa na musamman. Direbanmu ya ce ya gani da idonsa a Kaduna, abin yana aiki.

"To, in na juya motar, ina zan sha? In tafi Kaduna in ɗuro in dawo in ɗauki fasinjan Isa?"

Aka yi dariya. Wayarsa ta yi ƙara, ya saurara, ya ce motocin Shinkafi sun wuce lafiya. Ya karɓi kuɗinmu, ya ƙara galan ɗaya a tanki, muka bi ta Shinkafi.